Abin da hantar kifin Jakara za ta iya faɗa kan gubar da ke cikin ruwa

Kafin kogin Jakara ya bar Fagge da Sabon Gari, ya riga ya kwashi ruwan kwatami, da wankin mayanka, da baƙin man da ake zubarwa daga garejoji. A gaba rafin Getsi ya ƙara masa da dattin masana'antun Bompai, duka su tare a madatsar Wasai, inda masunta ke kama tarwaɗa da karfasa.

Ruwan da jami'i ya ɗiba a kwalba yana nuna halin ranar da aka ɗebe shi ne kawai, amma hantar kifi na riƙe alamar abin da ya daɗe yana shiga jikinsa. Idan gubar ɗanyen mai ko ta ƙonannen abu ta shige shi, hantar takan ninka wani sinadari mai farfasa guba, wanda masana ke kira CYP1A.

Sunan yana da ma'ana. A 1962 masanan Japan biyu, Omura da Sato, suka raɗa wa wannan dangi P450, saboda yadda yake zuƙe haske a ma'aunin nanomita 450. Da ire-irensa suka yawaita, kowane ɗakin bincike da nasa laƙabi, sai aka kawo tsari a 1987, wanda bayan gyare-gyare ya zama haka: waɗanda tubalin gininsu ya yi kama da fiye da kashi 40 cikin 100 dangi ɗaya ne, su ɗauki lamba, fiye da kashi 55 kuma gida ɗaya, su ɗauki harafi. Ɗan Adam na da CYP1A1 da CYP1A2. Na yawancin kifaye CYP1A ne kawai, domin rabuwar biyun ta faru ne bayan kifi ya kama nasa reshen.

A Kano wannan rarrabewa ba ƙawa ba ce. Sinadarin kuromiyom na majemu ba ya tayar da CYP1A, ƙarafa masu guba ma sukan danne shi. Mai nuna su wani furotin ne dabam, metalotayonin. Rahoton da ya auna CYP1A kaɗai ya ce ruwa lafiya lau, yana iya wanke majemar da ba ta wanku ba.

Shi kansa sinadarin ba kullum yake ceto ba: yayin farfasa wasu gubobin hayaƙi, yakan mayar da su masu haddasa cutar daji.

Don haka duk lokacin da NESREA ko Ma'aikatar Muhalli ta Jihar Kano suka fitar da sakamakon gwaji, akwai tambayoyin da suka cancanci amsa: ruwa aka gwada ko kifi, wane sinadari aka auna, kuma da wane ruwa mai tsabta aka kwatanta?