Ficewar Nijar daga Ecowas: haƙƙin da ya koma alfarma

Ran 28 ga watan Janairu na shekarar 2024 aka karanta sanarwa guda a gidajen talabijin na Bamako da Wagadugu da Yamai, cewa Mali da Burkina Faso da Nijar sun fita daga ƙungiyar tattalin arzikin ƙasashen Afirka ta Yamma, wadda mutanen Nijeriya ke kira Ecowas, na Nijar kuwa Cedeao, kuma wai fitar tasu nan take ce, ba jinkiri. Sai dai yarjejeniyar ƙungiyar, wadda aka sabunta a Kwatano a 1993, ta shar'anta a sashe na 91 cewa duk ƙasar da ta yi nufin fita sai ta ba da wa'adin shekara guda, tamkar dai iddar da shari'a ta gitta tsakanin furta saki da rabuwa, ko Allah ya sa zukata su huce. An yi biko, aka wakilta shugabannin Senegal da Togo su je su ba da baki, abin ya faskara. Wa'adi ya cika ran 29 ga Janairu 2025, ƙungiyar da ke da ƙasashe 15 ta koma 12.

Mas'alar da ke gabanmu ita ce ko wannan fita maslaha ce ga talakan Nijar, kuma ba za a yi wa mas'alar adalci ba sai an fara sauraron hujjar masu fita, domin hujja ce mai nauyi. Bayan da sojoji suka tuɓe Shugaba Muhammadu Bazoum ran 26 ga Yuli 2023, Janar Abdurrahman Tiani ya hau, shugabannin ƙungiya suka taru a Abuja ran 30 ga watan, a ƙarƙashin jagorancin Shugaba Bola Tinubu, suka rufe iyakoki, suka hana zirga-zirgar jiragen sama, suka riƙe dukiyar gwamnatin Nijar, sa'an nan suka ɗiba wa sojoji mako guda su mai da Bazoum kan kujerarsa ko kuwa a far musu da yaƙi. Nijeriya ta tsinke wutar lantarkin da ke tafiya Yamai ta Birnin Kebbi, alhali kuwa a lokacin kusan kashi 70 cikin 100 na wutar Nijar daga Nijeriya take zuwa. Azabar wannan hukunci kuwa, ba a kan masu kaki ta sauka ba. Ta sauka a kan majinyacin da magani ya yanke masa, da matar da farashin shinkafa ya fi ƙarfin cefanenta, da direban da ya yi lodin albasar Galmi ya iske an gitta ƙarfe a Birnin Ƙonni, ya zauna a inuwar motarsa kwana da kwanaki cikin damina, yana kallon ruwan albasa na ɗiga daga gindin buhu, ƙudaje sun yi baƙi a kan tamfol, shi ko bashin mai kaya na wuyansa.

Ga kuma zargin son kai, wanda ba na jin akwai mai iya wanke ƙungiyar daga gare shi. Ƙa'idar dimokuraɗiyya da aka rattaba wa hannu a Dakar a 2001 ta haramta karɓar mulki ta ƙarfin bindiga, amma a 2020, da Alfa Konde na Gini ya sauya tsarin mulki ya zarce karo na uku, Alasan Watara na Kodebuwa shi ma ya tsaya karo na uku, ba a ji an rufe wa kowa iyaka ba. Sa'an nan shekara da shekaru 'yan bindiga na karkashe mutane a Tilaberi da Difa ba a ga rundunar ƙungiya ta taho agaji ba, sai ranar da aka taɓa kujerar shugaba aka ji hafsoshi sun zauna shirin yaƙi. Wanda aka yi wa haka, in ya ce ya yafe zaman, ba a ce da shi mahaukaci.

To, amma fushi dabam, hukunci dabam. Malaman usulu sun ajiye mana ma'auni, cewa ana duban abin da aiki zai haifar kafin a yi fatawa a kansa, kuma ba a gusar da cuta da cutar da ta fi ta. In muka ɗora wannan fita a kan ma'aunin nan, tambaya ta farko ita ce: wace cuta ce ta warkar? Hannun da ya tsinke wuta hannun Nijeriya ne, kuma layin na nan inda yake, ko Nijar na cikin ƙungiya ko ba ta ciki. Gadar da ke tsakanin Gaya da Malanbil, wadda ta nan kayan Nijar suka saba hawowa daga tashar jiragen ruwa ta Kwatano, tana bakin iyakar Binin, kuma babu takardar ficewa da za ta matso da teku kusa da Yamai. Da hanyar ta toshe, sai da manyan motoci suka koma zagayowa daga Lome ta cikin Burkina Faso da rakiyar soja, a kan tsada da kasadar rai. Mafi ban mamaki duka, hukuncin da ya fi shaƙe baitulmalin Nijar, wato riƙe kuɗinta a babban bankin da ke Dakar, ya biyo ne ta ƙungiyar ƙasashe takwas masu kuɗin sefa, ita kuwa wannan ƙungiya ba a fita daga cikinta a ranar ba. Ban da haka, an janye takunkumin tun ran 24 ga Fabrairu 2024, kusan shekara guda kafin fitar ta tabbata, iyakar Nijeriya da Nijar kuma ta buɗe a watan Maris na shekarar.

Wani abu kuma da ya cancanci a tsaya a kansa shi ne cewa abin da ya hana yaƙi a watan Agusta na 2023 ba fita ba ce, domin a lokacin ba a yi ta ba tukuna. Abin da ya hana shi zumunci ne: majalisar dattawan Nijeriya ta ƙi amincewa da amfani da ƙarfi, Janar Abdussalami Abubakar da Sarkin Musulmi suka tafi Yamai, Malam Muhammadu Sanusi na biyu ya je ya gana da Tiani, ayarin malamai a ƙarƙashin Shaihu Bala Lau ya bi baya, limamai suka yi ta jan kunne a kan mumbari daga Sakkwato har Barno. Iyakar nan mai tsawon kimanin kilomita 1,500, wadda Ingila da Faransa suka shata tsakanin 1890 da 1906 ba tare da sun shawarci Katsinawan Maraɗi ko Gobirawan Tsibiri ba, ba ta taɓa raba jini ba, kuma jinin ne ya yi magana.

Tambaya ta biyu ita ce abin da aka bari a baya, kuma a nan ne nake ganin hasarar take. Ƙungiyar da Janar Yakubu Gawon da Shugaba Eyadema na Togo suka yi wa ɗawainiya har aka kafa ta a Legas ran 28 ga Mayu 1975 ta gaza a abubuwa da dama. Kuɗin bai-ɗaya da ta daɗe tana alkawari har yau ba a gan shi a hannun kowa ba. Amma ta yi abu guda wanda talaka ya ɗanɗana: ƙa'idar Dakar ta 1979, wadda ta ba ɗan kowace ƙasa izinin shiga ƙasar 'yar'uwarta ba da biza ba, ya zauna kwana 90, daga baya aka ƙara da haƙƙin zama da na kafa sana'a. A inuwar wannan ƙa'ida ne Ba'adare ke sai da shayi a Kano, Bazabarme ke kasuwancin albasa a Kumasi da Ankara, makiyayin Damagaram ke koro shanu kasuwar Maigatari ran Alhamis ya koma da gero da atamfa. Sai a lura da kyau: Kodebuwa da Togo da Binin da Senegal duk suna cikin ƙungiyar sefa, saboda haka ɗan Nijar yana da sauran madogara a can. Nijeriya da Gana kuwa ba sa ciki, kuma su ne fa wuraren da cin rani da fataucin Hausawan Nijar suka fi nufa. Igiyar shari'ar da ta fi ɗaure ɗan Nijar da waɗannan ƙasashe biyu ita ce aka kwance.

Za a ce ai har yanzu ana wucewa. Gaskiya ne: a ranar da fita ta tabbata ƙungiya ta ba da sanarwar cewa a ci gaba da karɓar fasfo da katin shaidar mutanen ƙasashen uku, a bar su su shiga ba biza, a bar kayansu su wuce bisa tsohon tsari, har sai an ji wata sanarwa, su ma ƙasashen uku sun riga sun faɗi irin wannan a watan Disamba na 2024, tare da togaciyar cewa suna iya hana wanda ba su so. Amma duk wanda ya zauna gaban malamin fiƙihu ya san tazarar da ke tsakanin abin da mutum ya mallaka da abin da aka ba shi aro. Jiya matafiyi yana da haƙƙi rubutacce wanda zai iya kafa hujja da shi. Yau alfarma ce, mai ita na iya janyewa ranar da ransa ya ɓaci. Ba na musun cewa haƙƙin nan an sha take shi tun yana haƙƙi. Gwamnatin Shagari ta kori baƙi a 1983. Janar Buhari ya rufe iyaka a 1984, ba a buɗe ta ba sai 1986, har mutanen Nijar suka laƙaba wa yunwar wannan zamani sunansa. Ya sake rufewa daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020 saboda fasa-ƙwaurin shinkafa. Shingayen hanya kuwa da 'yan na-goro, wanda ya bi mota daga Illela zuwa Ƙonni ba ya bukatar a ba shi labari. Sai dai a duk waɗannan lokuta mai rufewa shi ne mai saɓa alkawari, ana iya tsare shi da magana a taron shugabanni, shi ma kuwa kame-kame yake yi. In ya rufe gobe, a fuskar ƙungiya babu alkawarin da ya saɓa.

Akwai wata ƙofa kuma da aka rufe wadda ba a cika ambatonta ba, ita ce kotun ƙungiya da ke Abuja, inda ɗan ƙasa ke iya kai ƙarar gwamnatinsa. Wata baiwar Allah daga ƙasar Ƙonni, Hadijatu Mani, wadda aka sayar da ita tana 'yar shekara 12, ta kai ƙarar Jamhuriyar Nijar gaban wannan kotu, a 2008 alƙalai suka hukunta cewa gwamnati ta gaza kare ta daga bauta, suka ce a biya ta sefa miliyan 10. Mace ce ba ta da gata, ta tsaya da hukuma a gaban alƙali ta yi rinjaye. Wannan kotu ce dai ta yi umurni a watan Disamba na 2023 a saki Bazoum, ba a saurare ta ba. Mai hankali kuwa zai tambayi kansa, tsakanin mai mulki da wanda ake mulka, wane ne rufe irin wannan ƙofa ya yi wa daɗi.

Tarihi bai hana fita ba, amma ya nuna yadda takan ƙare. Mali ta bar kuɗin sefa a 1962 zamanin Modibo Keita, ta buga nata, ta dawo a 1984. Maroko ta bar ƙungiyar haɗin kan Afirka a 1984, ta komo a 2017. Muritaniya ta bar Ecowas ɗin nan a ƙarshen shekarar 2000, ta fuskanci ƙasashen Magrib, sai ga ta a 2017 tana sa hannu a yarjejeniyar ƙawance da ƙungiyar da ta bari, tana bin ƙa'idojin cinikin da ba ta da kujera a wurin tsara su. Birtaniya ma, da duk arzikinta da tekun da ya kewaye ta, da ta ƙudurta barin Tarayyar Turai ran 23 ga Yuni 2016, sai da ta kai 31 ga Janairu 2020 kafin ta fita, kuma abin da ya fi ɗaure mata kai shi ne 'yar iyakar ƙasa da ke tsibirin Ailan. Amma ko ba komai Birtaniya ta tambayi mutanenta, aka ƙirga, kusan 52 cikin 100 suka ce a fita. A Nijar an ga dandazon jama'a a filin wasa da tituna, kuma ba na raina wannan. Sai dai gangami ba shi ne shura ba, domin a gangami ba a jin muryar wanda ya zauna gida, balle ta ɗan cin ranin da ke Legas. Al'amarin da zai shafi jikoki bai kamata majalisar soja ta yanke shi ita kaɗai ba, ko da niyyarta tsarkakakkiya ce.

Ƙawancen ƙasashen Sahel da aka ƙulla ran 16 ga Satumba 2023, aka mai da shi tarayya a Yamai ran 6 ga Yuli 2024, yana da ma'ana ta fuskar tsaro, tun da yake abokin gāba guda ne ke yawo a yankin Liptako. Kuma da an so, da an riƙe shi ana cikin Ecowas, kamar yadda ƙasashen sefa suka riƙe tasu ƙungiya shekara da shekaru ba wanda ya ce sun yi ridda. Ta fuskar ciniki kuwa, ƙasashe uku ne da babu mai gaɓar teku a cikinsu, duka masu sai da dabbobi da ma'adinai, duka masu sayen shinkafa da kayan masana'anta daga waje, saboda haka kaɗan ne abin da ɗaya za ta saya wurin ɗaya. Kasuwar Maraɗi da Dawanau take kallo, ba Bamako ba.

Tun da alƙalami ya riga ya bushe, abin da ya rage wa hukumomin Yamai da Abuja shi ne su mai da alfarmar nan haƙƙi ta wata hanyar. Akwai hukumar haɗin gwiwa ta Nijeriya da Nijar tun 1971, ofishinta na Yamai. A zauna a ƙarƙashinta a rubuta shiga da zama da sana'a da kiwo da wutar lantarki da ruwan Kwara a yarjejeniya mai wa'adi, wadda aka bayyana a cikinta cewa saɓanin siyasa ba ya halatta tsinke wuta ko tare abinci da magani. Ana shimfiɗa layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi ta Daura da Katsina da Jibiya, kuma kafin jirgin farko ya isa iyaka wajibi ne a san da wace takarda fasinjansa za su sauka, a kan wane kuɗin fito kuma za a sauke kayansa.