Yadda Masarrafin Haske Ke Gyara Mazaunin Aikinsa da Kansa a Haɗaɗɗun Da'irorin Haske

Tsakure

Saƙon da ke ratsa zaren gilashi yana hawa haske ne ta hannun wata 'yar na'ura mai rage hasken leza da ƙara shi sau biliyoyi a cikin sakan guda. Wannan maƙala ta bayyana dalilin da ya sa na'urar ba ta tsayawa inda aka ajiye ta, da dabarun da injiniyoyi suka ɓullo da su domin ta riƙa gyara zamanta ba tare da sa hannun mutum ba, da kuma abin da kowace dabara ke ci. An fayyace keɓaɓɓun kalmomin da aka ƙirƙira a wuraren da suka fara fitowa.

Fitilun Kalmomi: masarrafin haske, mazaunin aiki, gocewa, girgizar gwaji, silikon

1.0 Gabatarwa

A shekarar 1969 Stewart Miller, wani injiniya a cibiyar bincike ta Bell Labs da ke Amurka, ya gabatar da shawarar a riƙa gina hanyoyin haske a kan ɗan falle guda, kamar yadda ake gina da'irorin lantarki. Abin da ya hango shi ne ake kira haɗaɗɗiyar da'irar haske a wannan maƙala: falle wanda sau da yawa bai kai girman farce ba, an zana masa siraran kwaroron da haske ke bi, da mararraba, da ma'aunai, da na'urorin ɗora saƙo. A yau irin waɗannan fallayen suna cikin manyan rumbunan adana bayanai da tashoshin sadarwa, har da waɗanda ke bakin wayoyin ƙarƙashin teku, irin su MainOne da ta sauka Legas a 2010 da Equiano da ta iso a 2022. Su kansu masarrafan a tashoshin tudu suke zaune, abin da ke kwance a teku zare ne da na'urorin ƙara wa haske ƙarfi.

Masarrafin haske shi ne na'urar da ke ɗora saƙo a kan hasken leza. Mazaunin aiki kuwa shi ne matsayin da aka tsayar da shi kafin saƙo ya fara kaɗa shi. Idan mazaunin ya goce, leza na nan da ƙarfinta, zare lafiya lau, amma abin da ya isa ɗaya ɓangaren gurɓatacce ne.

2.0 Tudu, Kwari da Tsakiyar Gangare

Mafi shaharar masarrafi an gina shi ne a kan tsarin da Ludwig Zehnder ya bayyana a 1891, Ludwig Mach kuma ya inganta a 1892, shi ya sa yake ɗauke da sunayensu biyu. Ana raba haske gida biyu, kowane kaso ya bi nasa reshen, sannan su sake haɗuwa. Da yake haske taguwa ce mai hawa da sauka, abin da zai fito ya danganta da takun da kasonnin biyu suka iso da shi. In sun iso da taku ɗaya, hawa ya dace da hawa, sai haske ya fito cikakke. In ɗaya ya makara da rabin tsawon taguwa, hawan wannan ya faɗa kan saukar wancan, sai su kashe juna, mafita ta yi duhu. Aikin lantarkin da ake sa wa reshe shi ne ya ɗan jinkirta haske ko ya ɗan gaggauta shi.

Da za a zana yawan hasken da ke fita a kan ƙarfin lantarkin da aka sa, za a ga tudu da kwari suna bin juna ba iyaka. Tazarar lantarki daga ƙolin tudu zuwa gindin kwari 'yan bolt kaɗan ne a na'urorin kasuwa. Wurare biyu ne aka fi zama. Na farko tsakiyar gangare, inda rabin haske ke fita, inda kuma layin ya fi miƙewa. Nan ake ajiye masarrafin da ke aika saƙo ta hanyar yawan haske da ƙarancinsa. Na biyu gindin kwari, inda ba haske ko kaɗan. Nan ake ajiye wanda ke aika saƙo ta hanyar juya takun taguwa, domin hasken da ke fitowa ta gefen dama na kwarin da wanda ke fitowa ta gefen hagu takunsu kishiyar juna ne.

Illar gocewa a bayyane take. Masarrafin da ya kamata ya zauna a tsakiyar gangare in ya zame zuwa sama, duhunsa ba ya cika duhu, haskensa kuma ya daki ƙolin tudu ya baje. Ratar da ke tsakanin alamar ɗaya da alamar sifiri ta tsuke, mai karɓa ya fara ruɗa su. A tsarin da ke amfani da matakan haske huɗu maimakon biyu abin ya fi muni, saboda matakan sama kan matse da juna tun kafin na ƙasa su nuna wata alama.

3.0 Me Ke Kawo Gocewa?

Amsar ta danganta da abin da aka yi fallen da shi. Shekaru da dama sinadarin litiyam nayobet ne ke riƙe da kasuwa, domin yana da wata siffa da Friedrich Pockels ya yi nazarinta a shekarun 1890: da zarar lantarki ya ratsa shi, saurin haske a cikinsa ya canza nan take. Aibinsa shi ne, in aka ɗora masa tsayayyen lantarki aka bar shi, cajin da ke cikin dutsen da na shimfiɗar da ke tsakaninsa da wayoyi kan taru sannu a hankali su tare wani ɓangare na lantarkin. Sai mazaunin ya riƙa tafiya, wani cikin mintoci, wani cikin watanni. Zafi yana hanzarta tafiyar, kuma a wasu yankan dutsen sauyin zafi da kansa yana haifar da caji.

Silikon ba shi da siffar Pockels, saboda yadda ƙwayoyinsa suka jeru. A 1987 Richard Soref da Brian Bennett suka auna yadda yawan caji masu yawo a cikin silikon ke canza saurin haske, a kan wannan ne kamfanin Intel ya nuna masarrafin silikon mai kaɗawa fiye da sau biliyan ɗaya a sakan a 2004. Silikon ya tsira daga taruwar caji irin ta litiyam nayobet, amma ya faɗa hannun zafi. Ma'aunin jinkirin haske a cikinsa yana ƙaruwa da kimanin 0.00018 a kowane digiri guda na Salshiyos. Adadin kamar ba komai ba, sai an yi lissafi. Hasken sadarwa tsawon taguwarsa nanomita 1550 ne. A reshe mai tsawon milimita biyu, in ya fi ɗan'uwansa zafi da digiri ɗaya tak, bambancin takun zai kai kusan rubu'in taguwa, wanda shi ne daidai nisan tsakiyar gangare da gindin kwari. Wato digiri ɗaya ya isa ya kai masarrafi daga mazauninsa zuwa inda ba ya aiki sam.

Ga kuma kuskuren ƙira. Kwararon haske na silikon kaurinsa nanomita 220 ne a bisa al'ada, faɗinsa kuma wajen 450 zuwa 500. Babu masana'antar da za ta iya fitar da rassa biyu masu faɗi ɗaya cif tun daga farko har ƙarshe, don haka masarrafai biyu da aka yanko daga faranti guda kowane da mazaunin da aka haife shi da shi. Wannan kaɗai ya sa gyara ya zama wajibi tun ranar da aka fara kunna na'ura.

Akwai wani nau'in, masarrafin zobe, wanda ƙungiyar Michal Lipson a Jami'ar Cornell ta nuna a 2005, faɗinsa maikuromita 12. Ƙanƙantarsa ta sa ana sonsa, amma ya fi kowa saurin fushi: launin hasken da yake kamawa yana matsawa da kusan nanomita 0.08 a kowane digiri, kuma hasken da ke zagaya cikinsa yana ɗumama shi.

4.0 Girgizar Gwaji

Makaɗin da fatar gangarsa ta saki da damina yakan kai ta bakin wuta, ya ɗan buga, ya saurara, ya ƙara gasawa ko ya janye. Da'irar gyara-kai haka take: kunne, hukunci, da hannu. Kunnen shi ne ɗan ma'aunin haske, a silikon galibi na jamaniyam, wanda ake gutsuro masa kashi ɗaya zuwa biyar cikin ɗari na hasken da ke fita. Hannun kuwa ko dai tsayayyen lantarki ne, ko ɗan siririn ƙarfe da aka shimfiɗa a saman reshe domin ya ɗumama shi. Wahalar tana wajen hukunci. In haske ya ragu a ma'auni, ta yaya za a san mazauni ne ya goce ba leza ce ta tsufa ba? In kuma gocewa ce, ta wane gefe?

Dabarar da ta fi yaɗuwa ita ce a riƙa kaɗa mazaunin da gangan, kaɗawa 'yar mitsitsiya mai tafiyar hawainiya, misali sau dubu a sakan, alhali saƙo na gudu sau biliyoyi. Ita ce girgizar gwaji. Abin da ake saurare shi ne yadda haske ke amsa ta.

A ɗauki masarrafin da ke gindin kwari daidai. Girgiza ta tura shi dama, haske ya ƙaru. Ta dawo da shi tsakiya, ya yi duhu. Ta tura shi hagu, haske ya sake ƙaruwa. A zagaye ɗaya na girgiza haske ya tashi sau biyu. Saboda haka ma'auni zai ji amo mai ninkin saurin girgizar, sau dubu biyu a sakan, ba zai ji na sau dubu ba. Da zarar mazaunin ya zame dama, turawa dama za ta fi ƙara haske, sai amon sau dubu ya bayyana yana tafiya tare da girgizar. In hagu ya zame, amon zai bayyana a juye. Ke nan ƙarfin amon ya faɗi nisan gocewa, juyinsa ya faɗi gefenta, aikin da'ira shi ne ta yi ta gyara har amon ya ɓace. A tsakiyar gangare lamarin akasin haka ne. Layin a miƙe yake, abin da turawa sama ta ƙara shi turawa ƙasa ke ragewa, don haka amon ninki ne ke ɓacewa, shi ake farauta.

Kyawun dabarar shi ne, wurin da amo ke ɓacewa bai damu da ƙarfin leza ba. Ko hasken ya ragu da rabi, sifiri na nan inda yake. Kuma da yake da'irar ta san saurin girgizar da ita ta aika, tana iya tsamo amsar daga cikin hayaniya mai yawa ta hanyar gwama abin da ta ji da abin da ta aika.

Tun daga wajajen 2010 manyan layukan sadarwa suka koma tsarin da ke ɗora saƙo a kan taku da ƙarfin taguwa gaba ɗaya. Masarrafinsa ƙananan masarrafai biyu ne a cikin babba: kowane ƙarami a gindin kwari, babban kuma ya riƙe rubu'in taguwa a tsakaninsu. Mazauni uku ke nan, kuma da yake ana aika saƙo ta fuskoki biyu na kaɗawar haske, sun zama shida. Akan ba ƙananan biyu girgiza masu saurin da ya bambanta, sai a saurari amon da gaurayarsu ke haifarwa, wanda ke ɓacewa idan rubu'in ya cika daidai. Gyaran ɗaya yana taɓa sauran, shi ya sa a yau ƙaramar kwamfuta ce ke yin hukuncin, tana bi ɗaya bayan ɗaya.

5.0 Abin da Gyaran Ke Ci

Girgiza, komai ƙanƙantarta, datti ce a kan saƙo. A sadarwar lambobi ana iya jure ta, amma a layukan da ke ɗauke da siginar rediyo yadda take, ko gwaje-gwajen da ke buƙatar duhu tsantsa, takan bar tabo. Masu gudunta sukan kwatanta hasken shiga da na fita, ko na mafita biyu na masarrafin, su riƙe rabon a wani adadi. Wannan hanya ta fi tsabta, sai dai ta dogara da amincin ma'aunai biyu, in ɗaya ya tsufa sai da'ira ta riƙe kuskure da iyakar ƙarfinta. Ga mai son na'urar da za ta shekara ashirin ba a buɗe ta ba, girgiza ta fi zama abin dogaro duk da dattinta.

A litiyam nayobet akwai wata matsalar. Yayin da caji ke taruwa, da'ira na ƙara lantarki don ta bi mazauni, ƙarin kuma na jawo sabon caji. Wata rana lantarkin zai kai iyakar abin da da'ira ke iya bayarwa, dole ta yi tsalle zuwa gangare na gaba, saƙo ya yanke na ɗan lokaci. Domin haka ake gasa samfura a digiri 85 ko fiye, a ƙiyasta nisan da za su yi a tsawon rayuwarsu. Siririn litiyam nayobet da ƙungiyar Marko Lončar ta Jami'ar Harvard ta fito da shi fili a 2018 ya rage lantarkin da saƙo ke buƙata ƙwarai, amma gocewa ta biyo shi, har masu ƙira da yawa suka bar wa lantarki ɗaukar saƙo kawai, suka miƙa riƙon mazauni ga maɗumami.

Maɗumami shi ma da nasa. Na gama-gari a silikon yana cin wajen miliwat 20 kafin ya matsar da taku rabin taguwa. A falle mai maɗumamai ɗari, in kowane ya ci rabin haka, wat guda ya tafi a riƙon mazauni kawai, kuma duk zafi ne da sai an fitar da shi. Zafin wannan yana kwarara zuwa maƙwabcinsa, maƙwabci ya gyara, gyaransa ya dawo. Akan rarake silikon da ke ƙarƙashin maɗumami domin zafi ya tsaya wuri ɗaya, cin wuta ya ragu sosai, amma amsawa ta yi nauyi. Kuma maɗumami ba ya sanyayawa: zoben da ya wuce launin da ake so sai dai a ci gaba da gasa shi har ya kamo na gaba.

Gutsuren hasken da ake ba ma'auni ma yana taruwa idan haske zai ratsa na'urori da yawa a jere. A 2014 masu bincike a Kwalejin Fasaha ta Milan da ke Italiya, ciki har da Francesco Morichetti da Andrea Melloni, suka nuna ma'aunin da ba ya ɗibar haske. Yana auna ɗan canjin da wucewar haske ke kawowa ga yadda kwararon silikon ke ɗaukar lantarki, ta wayoyin da ba su taɓa kwararon ba, don haka ana iya dasa shi a wurare da yawa a kan falle guda ba tare da hasken saƙo ya ragu ba.