Taƙaddamar Harajin VAT: Wane Kuɗi Ɗan Kasuwa Zai Cire Kafin Ya Biya Hukuma?

LEGAS — Tun daga ranar 1 ga Janairun 1994, lokacin da harajin VAT ya fara aiki a Nijeriya a ƙarƙashin dokar soja mai lamba 102 ta 1993, masu masana'antu da jami'an haraji suka yi ta kai ruwa rana a kan tambaya guda: a cikin harajin da ɗan kasuwa ya biya wajen saye, wanne ne zai cire kafin ya miƙa wa hukuma abin da ya karɓa wajen sayarwa?

A bisa ƙa'ida lissafin ba shi da wuya. Idan ɗan kasuwa ya sari kaya na Naira miliyan 1, zai biya harajin saye Naira 75,000, wato kashi 7.5 cikin 100, farashin da ake kai tun Fabrairun 2020, bayan an ɗaga shi daga kashi 5. In ya sayar a kan Naira miliyan 1.4, zai karɓi Naira 105,000 daga mai saye. Abin da zai kai wa hukuma shi ne rarar, Naira 30,000. Manufar ita ce nauyin harajin ya sauka a kan mai amfani da kaya na ƙarshe, ba a kan jarin ɗan kasuwa ba.

To amma sashe na 17 na tsohuwar dokar ya ƙuntata wannan dama. Ya yarda a cire harajin kayan da aka sayo don a sake sayarwa, da kuma hajar da ake amfani da ita kai tsaye wajen ƙera sabon abu. Harajin da aka biya a kan injuna, da ayyukan da wasu suka yi wa kamfani, da hidimomin ofis, duk ba a cire shi, sai dai a shigar da shi cikin kuɗin da kamfani ya kashe. Sakamakon haka shi ne haraji kan haraji, domin masana'anta kan ɗora wannan asara a kan farashin kayanta.

A kan ma'anar kalmar haja ne rigimar ta fi tsanani. Hukumar Tara Haraji ta Tarayya, FIRS, ta tsaya a kan cewa ɗanyen kayan da ke shiga jikin abin da aka sarrafa kaɗai ake nufi. Kamfanin Chi Limited, mai yin lemun Chivita da madarar Hollandia, bai gamsu ba, ya garzaya Kotun Ɗaukaka Ƙarar Haraji da ke Legas. Hujjarsa ita ce, iskar gas da ƙananan kayan gyara masu saurin lalacewa da sauran abubuwan da ke ƙarewa a cikin aiki, in babu su injin ba zai juya ba, balle a sami abin sayarwa. A 2022 kotun ta ba kamfanin gaskiya, ta ce haja ba ta tsaya ga ɗanyen kaya kaɗai ba. Hukuncin ya faranta wa masana'antu rai, musamman masu samar wa kansu wutar lantarki, sai dai bai taɓa batun injuna da ayyuka ba.

Wannan giɓi ne sabuwar dokar haraji, wadda Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu ranar 26 ga Yunin 2025, ta cike. Daga 1 ga Janairun 2026 an halatta cire harajin da aka biya a kan ayyuka da kadarori irin su injuna, muddin an yi amfani da su wajen samar da abin da ake karɓar VAT a kansa. Hukumar ma ta sauya suna zuwa NRS.

Duk da haka tsugune ba ta ƙare ba. Dokar ta bambanta kayan da aka yafe wa haraji ɗungurungum da waɗanda harajinsu sifiri ne, kamar kayan abinci na yau da kullum da magunguna. Mai sayar da rukuni na biyu yana da damar neman a mayar masa da harajin sayensa, mai rukuni na farko kuwa ba shi da ita. Kamfanin da ke hada-hadar duka biyun dole ne ya raba lissafinsa, ya cire kason da ya halatta kawai. A wajen wannan rabo, da kuma ingancin rasiɗi, ake iya samun sabon saɓani.

Saboda haka wajibi ne ɗan kasuwa ya karɓi takardar ciniki mai ɗauke da lambar harajin mai sayarwa, ya adana ta, ya kuma miƙa bayanan kowane wata zuwa ranar 21 ga wata mai bi masa. Wanda hukuma ta ƙi amincewa da lissafinsa yana da kwana 30 ya ɗaukaka ƙara zuwa kotun haraji, daga nan kuma sai Babbar Kotun Tarayya in batun fassarar doka ne.