Bel ɗin Tayimin: Gaskiya da Ƙarya a Zancen Gareji

A Ƙofar Ruwa ta Kano ko Fanteka ta Kaduna, mai neman bel ɗin tayimin ba ya rasa masu ba shi shawara. Wani zai ce muddin inji na tashi kada a taɓa shi, wani ya ce duk motar da bel ɗinta ya tsinke ta gama yawo. Akwai gaskiya a cikin zantukan, sai dai an cuɗa ta da ƙarya, kuma mai mota ne ke biyan kuɗin cuɗanyar.

Aikin bel ɗin shi ne haɗa kiranshaf da kamshaf, don bawul ya buɗe ya rufe daidai lokacin da fistin ke hawa da sauka. Kiranshaf na juyawa sau biyu, kamshaf sau ɗaya. Haƙori ɗaya ya goce, inji ya fara karkarwa da shan mai.

Maganar cewa tsinkewar bel na kashe kowane inji ba haka take ba. Camry ta 1997 zuwa 2001 mai injin 5S-FE, idan bel ya tsinke sai ta mutu a kan hanya kawai, domin fistin ba ya kai wa bawul. A sa sabo, a ci gaba da tafiya. Amma Honda Accord ta 1998 zuwa 2002 mai injin F23, wadda ake kira Baby Boy, ba ta da wannan sassauci: fistin zai daki bawul ya lanƙwasa shi, sai an sauke kan inji. Direban da ya saba da Camry ya koma Honda da tunani ɗaya, shi ne ke kwana a gareji.

Sai masu cewa ido ya isa gane bel mai lafiya. Ƙarfin bel yana cikin zaruruwan da ke binne a roba, kuma ba a ganinsu. Bayansa na iya yin sumul alhali gindin haƙoransa ya tsattsage. Shi ya sa kamfanoni ke ba da wa'adi: Honda ta sa mil 105,000 ko shekara 7 ga injinta na V6, ta kuma rage zuwa mil 60,000 ga motar da ke yawan aiki a zafin da ya haura digiri 43. Wanda ya san Sakkwato ko Maiduguri a watan Afrilu ya san wane wa'adi ne nasa. Ga kuma motar Beljiyam da ta iso ba takardar gyara, ba a san ranar da aka sa mata bel ba. Canza shi da zarar an saya ya fi zaman jira.

Sarƙa fa, wadda wasu injuna ke amfani da ita maimakon bel, wai ba ta lalacewa? Ta fi bel daɗewa, wannan gaskiya ne, amma da baƙin mai take rayuwa. Idan ana jinkirin juye, takan saki, robobin da take bi a kai su cinye, a riƙa jin ƙarar kwaram-kwaram da an tayar da mota da safe. Injin EA888 na Volkswagen da Audi na wajajen 2008 zuwa 2012 ya yi ƙaurin suna saboda abin da ke ɗame sarƙarsa yana sakin ta.

Zancen da ya fi jawo asara shi ne “ai mota ɗaya ce, zai shiga”. Accord ta 2003 zuwa 2005, wato EOD, mai silinda huɗu sarƙa gare ta, mai V6 kuwa bel. Haka Camry Big Daddy ta 2002 zuwa 2006: injin 2AZ-FE sarƙa, 1MZ-FE bel. Jiki ɗaya, suna ɗaya, kayan ciki daban. Ko bel biyu sun zo daidai a tsawo, za su iya bambanta a faɗi, a yawan haƙora, ko a siffar haƙorin, wani mai kusurwa wani mai zagaye. Wanda bai dace da giyarsa ba, zai iya hawa, motar ta tashi, sannan ya ci kansa cikin 'yan watanni. Lambar shasi mai haruffa da alƙaluma 17 tana taimakawa, amma a ƙasar da ake yawan sauke inji a ɗora na Beljiyam, injin da ke cikin motar ba lallai ne shi ta fito da shi daga kamfani ba. Lambar da aka buga a jikin bulok ɗin injin ita ce abin dubawa. Makanike mai kula yakan goge wurin da tsumma, ya haska fitilar waya, ya karanta, sannan ya tafi kasuwa da tsohon bel a hannu yana ƙirga haƙora.

Akwai maganar da masu mota ke ɗauka cuta ce, alhali gaskiya ce: a canza famfon ruwa da ƙananan fuloli tare da bel. A 5S-FE da V6 na Honda bel ɗin tayimin ne ke juya famfon, kuma idan boris ɗinsa ya ƙage, sabon bel ne zai tafi. Tunda an riga an kwance, kuɗin aiki ɗaya ne.

Bayan an ɗaura, a juya kiranshaf da sifana zagaye biyu, a tabbatar alamomin tayimin sun dawo wurinsu kafin a murɗa makulli.