SHARHI: Lalu Prasad Yadav, ɗan siyasar Indiya da kurkuku ya kasa raba shi da magoya bayansa

A ranar 25 ga Yuli, 1997, Babban Ministan Jihar Bihar, Lalu Prasad Yadav, ya sauka daga muƙaminsa saboda sammacin kama shi da aka bayar. Bai miƙa wa wani jigon jam'iyya mulki ba. Matarsa Rabri Devi, wadda ba ta taɓa riƙe muƙamin siyasa ba, ita ya ɗora a kujerar. A Indiya Babban Minista ne ke riƙe da ikon zartarwa a jiha, don haka, in ban da ɗan gajeren lokaci, mulki bai fita daga gidansa ba sai 2005.

Daga gidan makiyaya zuwa gidan gwamnati

An haifi Lalu a 1948 a gundumar Gopalganj, cikin al'ummar Yadav, makiyayan shanu da tsarin fifikon asali na Indiya ya daɗe da mayar da su baya. Ya shugabanci ƙungiyar ɗaliban Jami'ar Patna, ya shiga majalisar tarayya a 1977 yana da shekara 29, sannan ya zama Babban Minista a Maris 1990.

Ƙarfinsa ya ginu ne a kan rukuni biyu. Ga masu ƙaramin asali, ya tsaya kai da fata wajen goyon bayan ware musu kaso 27 cikin ɗari na guraben aikin gwamnatin tarayya. Ga Musulmi kuwa, a Oktoba 1990 ya sa aka kama jagoran BJP, L.K. Advani, a Samastipur, yana tsaka da gangamin neman gina wurin bautar Hindu a filin Masallacin Babri. Shekara guda kafin nan aka kashe ɗaruruwan mutane, akasarinsu Musulmi, a rikicin Bhagalpur. Ƙidayar da jihar ta fitar a 2023 ta nuna Musulmi da 'yan Yadav sun kusa kashi ɗaya cikin uku na al'ummar Bihar.

Badaƙalar abincin dabbobi

A Janairu 1996, samamen da aka kai ofishin kula da dabbobi na Chaibasa ya bankaɗo yadda aka daɗe ana cire kuɗi daga baitulmali da rasitan bogi na harawa, magunguna da kayan aikin da ba a taɓa kawowa ba. An ƙiyasta abin da ya salwanta da kusan rupi biliyan 9.5. Satar ta girmi mulkin Lalu, domin har tsohon Babban Minista Jagannath Mishra ta rutsa da shi. Sai dai masu gabatar da ƙara sun ce a zamanin Lalu ta bunƙasa, kuma da saninsa. Kuɗin na makiyaya ne, wato mutanen da ya fito daga cikinsu.

Shari'ar ta yi tafiyar hawainiya. Kafin a yanke hukunci, Lalu ya riƙe muƙamin Ministan Jiragen Ƙasa daga 2004 zuwa 2009. Sai a Satumba 2013 wata kotu a Ranchi ta same shi da laifi, aka ɗaure shi shekara 5. Ya rasa kujerarsa ta majalisa, domin a Yulin shekarar Kotun Ƙoli ta ce duk ɗan majalisar da aka yanke wa ɗaurin shekara 2 ko fiye ya sauka nan take. An sake samun sa da laifi a 2017, 2018 da 2022. Shi dai ya dage cewa bi-ta-da-ƙullin siyasa ake yi masa.

Me ya sa ba a guje shi ba?

Masu adawa suna kiran shekarunsa "mulkin daji", suna nuni da garkuwa da mutane don kuɗin fansa, lalacewar hanyoyi da tururuwar matasa zuwa ci-rani a wasu jihohi. Magoya bayansa kuma suna tuna cewa a zamaninsa ne talaka mai ƙaramin asali ya fara ɗaga kai a gaban mai gona da ɗan sanda. Wanda ya ba ka mutunci, ba rasitin bogi ne zai sa ka juya masa baya ba.

Shi ya sa jam'iyyarsa ta RJD ta fi kowace yawan kujeru a zaɓen 2015, da 80 cikin 243, alhali doka ta hana shi takara, kuma ɗansa Tejashwi ya zama Mataimakin Babban Minista. A 2020 ma ita ce kan gaba da 75. Amma a Nuwamba 2025 ta koma kujeru 25 kacal.

Darasin Bihar shi ne cewa kotu na iya cire sunan mutum daga takardar ƙuri'a, amma ba ta iya cire shi daga siyasa. Wannan aikin masu zaɓe ne, kuma suna yin sa ne a lokacin da suka daina fargabar cewa faɗuwar gwaninsu za ta mayar da su gidan jiya.