Ahmed Musa: Takalmi a Ƙafa, Makullin Ofis a Hannu

A shekarar 2009 ƙuri'ar Gasar Zakarun Afirka ta jefa Kano Pillars rukuni ɗaya da Hilal da Merrikh na Omdurman, ta cike da ZESCO ta Zambiya. Bahaushen Sudan, na Mai Wurno ko na ƙauyukan Jazira, da ya bi wasannin a rediyo ya ga tsaka mai wuya: ga ƙungiyar da ya buɗe ido yana so, ga kuma wadda ta fito daga ƙasar da kakanni suka baro bayan yaƙin Burmi na 1903. Pillars ta zo ta ɗaya a rukunin, Hilal ta biyu, dukansu kuma suka tsaya a wasan kusa da na ƙarshe. A kakar 2009/2010 wani siririn yaro haifaffen Jos ya zura wa Pillars ƙwallo 18, adadin da ba wanda ya taɓa kaiwa a gasar Najeriya kafin shi. Shi ne Ahmed Musa, wanda Gwamna Abba Kabir Yusuf ya naɗa babban manajan ƙungiyar a watan Yulin 2025, alhali bai daina buga mata wasa ba.

Tarihinsa a fili ba ya buƙatar dogon bayani. Daga Kano ya tafi VVV-Venlo ta Holan a 2010, sai CSKA Moscow a 2012, sai Leicester City a 2016 lokacin tana riƙe da kofin Firimiyar Ingila, sai Al-Nassr ta Saudiyya, sai Turkiyya. Yana cikin waɗanda suka ɗauko wa Najeriya Kofin Afirka a 2013. Ya jefa wa Ajantina biyu a gasar cin kofin duniya ta 2014, ya maimaita wa Iceland a 2018, ya kuma buga wa ƙasarsa wasa sama da 100. Sau biyu yana komowa Pillars, a 2021 da kuma Oktoban 2024. Tun yana waje ya gina cibiyar wasanni da motsa jiki a Hotoro, saboda haka lissafin kuɗi da biyan ma'aikata ba baƙonsa ba ne.

Amma aikin ofishin kulob wani abu ne daban da cin ƙwallo. Wanda ke kan wannan kujera shi ake bugo wa waya da tsakar dare idan motar 'yan wasa ta lalace tsakanin Lokoja da Okene. Shi ke bin takardar albashi da alawus daga wannan tebur zuwa wancan, shi ke neman kamfanin da zai saka sunansa a gaban riga, shi ke tabbatar da cewa kuɗin ƙofa ya shiga asusu bai maƙale a aljihun masu yagar tikiti ba. Mafi nauyi kuma, shi ne ke da alhakin alƙalin wasa da baƙi su fita daga fili lafiya, ko da an ci masu gida a minti na 90.

Nan ne Musa ya fara cin karo. A watan Oktoban 2025 Shooting Stars ta Ibadan ta farke ƙwallo ana dab da tashi a filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata, aka tashi 1-1, wasu 'yan kallo suka tsallako suka far wa alƙalai da baƙi. Hukumar gasar ta zabtare wa Pillars maki 3, ta ci ta tarar miliyoyin naira, ta rufe filin, aka koma karɓar baƙi a Katsina. Musa ya fito ya ba da haƙuri, kuma ya kyauta. Sai dai ciwon ya girme wa naɗinsa. Ƙungiyar nan da aka kafa a 1990, mai kofin gasa huɗu (2008, 2012, 2013 da 2014), ta faɗa rukuni na biyu a 2022, a kakar da rikici a filin wasa ya jawo mata asarar maki. Kirarin "Sai Masu Gida" yana da daɗi a baki, amma wasu sun ɗauke shi tamkar doka ce da ta hana baƙo tafiya da ko maki ɗaya.

Akwai wanda ya riga Musa taka wannan hanya a ƙasar Girka, kuma labarinsa ya cancanci a duba. Demis Nikolaidis ɗan wasan gaba ne da magoya bayan AEK ta birnin Athens suka ɗauka tamkar ɗan cikinsu. Ya buga mata daga 1996 zuwa 2003, ya yi kaka ɗaya a Atletico Madrid, yana kuma cikin tawagar Girka da ta ba duniya mamaki ta ɗauki kofin Turai a 2004. A wannan shekarar bashi ya kusa binne AEK. Nikolaidis, yana ɗan shekara 30 kacal, ya jingine takalmansa, ya haɗa kan wasu 'yan kasuwa suka karɓi kulob ɗin, ya zama shugaba. A zamaninsa 'yan kallo suka dawo fili, AEK ta shiga rukunin Gasar Zakarun Turai har ta doke AC Milan 1-0 a 2006, ta ɗauko Rivaldo na Brazil a 2007. Duk da haka bai ci gasar ƙasa ba, ya yi ta fama da 'yan ta-kife na cikin magoya bayan da a da suke rera sunansa, ya sauka a ƙarshen 2008. A 2013 'yan kallo suka kutsa fili suka kori 'yan wasansu da gudu, aka cire wa AEK maki, ta faɗi daga rukunin farko karo na farko a tarihinta.

Abu biyu suka bambanta Nikolaidis da Musa. Na farko, shi ya bar wasa kafin ya hau kujera. A ganina taura biyu ba ta taunuwa. Ranar Lahadi koci ne ke da ikon ajiye Musa a benci, ranar Litinin kuma Musa na cikin masu duba aikin kocin. Wane koci ne zai iya cire maigidansa a minti na 60 hankalinsa kwance? Wane ɗan wasa ne zai yi ƙorafin albashi a ɗakin sauya kaya, manaja na gefensa yana ɗaure takalmi?

Na biyu shi ne mallaka. Nikolaidis da abokansa su ke da kulob ɗin, riba da asara nasu ne. Pillars kuwa ta gwamnatin jiha ce, kamar yawancin ƙungiyoyin Najeriya. Haka Enyimba ta Aba, inda Gwamna Alex Otti ya naɗa Nwankwo Kanu shugaba a 2023. Wanda aka naɗa da sanarwa, da sanarwa ake sauke shi, kuɗin da zai yi aiki da su kuma sai ranar da aka saki. A Sudan salon ya bambanta, amma raunin kusan ɗaya ne: an saba jingina manyan ƙungiyoyi da aljihun attajiri guda, irin su Jamal al-Wali a Merrikh da Ashraf al-Kardinal a Hilal. Ko baitulmali ne ko attajiri, kulob yana numfashi ne da huhun wani. Yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya ƙara tona wannan: Hilal da Merrikh sun kai ga zuwa Muritaniya su buga gasa, ƙananan ƙungiyoyin Wad Madani da Sennar kuwa ba su da mai ɗaukar musu nauyin irin wannan hijira.

Tsohon ɗan wasa yana kawo abin da kuɗi ba sa saye. Ya san zafin a yi wata uku ba albashi, ya san yaro mai hazaƙa tun daga yadda yake tarbar ƙwallo, idan ya buga waya ana ɗauka. Wannan gaskiya ne a Kano, gaskiya ne kuma a ƙungiyar ƙauye da ke bakin Kogin Nilu, inda sau da yawa tsohon gwanin gari ne ke riƙe da littafin karo-karo da jakar riguna. Amma suna ba ya rubuta kasafin kuɗi, ba ya kuma tsare ƙofar fili.

Idan da gaske gwamnatin Kano take so a ga amfanin Ahmed Musa, to ta ba shi kasafi tsayayye na shekara, ta bar shi ya zaɓi ma'aikatansa, ta buɗe wa 'yan kasuwar Kano ƙofar sayen hannun jari a Pillars, a riƙa bayyana kuɗin ƙofa bayan kowane wasa. Shi kuma ya zaɓi ɗaya: ko fili, ko ofis.