Majigi a Birnin Kano

A shekarun 1950 babu talabijin a Kano. Majigi yara suka sani. Mota ce takan kawo shi ƙofar fadar Sarki. In dare ya yi, sai a kafa farin ƙyalle, a ta da inji. Ba a biyan ko anini.

Abin dariya yaran ke jira, irin na Charlie Chaplin. Amma tilas su kalli tsabtar gida da noman gyaɗa, wani yana fassara musu da Hausa. Sai da suka girma suka gane, ashe darasin nan ne ya kawo motar, dariyar kuwa don su zauna ce. Wanda barci ya kwashe, yayarsa kan goya shi gida.